Motar da Ba Ta Taɓa Karo Ba

Duk wanda ya sayi mota ta hannu a unguwarmu, da wuya in ba Yayana ne ya fara shafa ta ba. Aikinsa gyaran jikin mota. A kawo ta a lotse, ya buga, ya miƙar, ya yi walda, ya cike ramukan da foti, ya goge, ya miƙa wa mai fenti. A gareji Mayen Ƙarfe suke ce masa, saboda wani guntun mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika ya naɗe a tsumma, kullum yana aljihun gaban rigarsa. In an kai shi duba mota ba ya tambayar dillali komai. Sai ya ɗora abin nan a jikin ƙofa ya riƙa ja a hankali, kai a karkace. Inda ƙarfe ne zalla ya kama, inda aka cusa foti aka lulluɓe da fenti ya saki. Sai Yaya ya ɗago ya ce, "Nan an taɓa ta." Daga nan dillali zai fara rantse-rantse.

Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai bakaniken garejinsu, wani ƙato mai yawan dariya, tare suka yi koyon aiki tun suna yara. Yaya ya duba jiki, bakanike ya buɗe bonet ya saurari inji, ya leƙa wayoyi, ya shiga ƙarƙashi. In su biyun suka gyaɗa kai, to saya kawai, ka yi barcinka. Dillalai sun tsane su, mutanen unguwa kuma har gobe suna sa musu albarka.

Ni ce ƙanwarsa, tela ce ni, kuma tun tasowarmu ba mu taɓa zama wuri ɗaya mun tashi ba mu yi musu ba. Saboda haka in na ce Yaya mutumin kirki ne, ba son kai ba ne. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba. Amma Allah ya jarabce shi da ruwan ido. Tun yana yaro, in aka aike shi sayen fitila sai ya kunna duk na shagon, ya dawo hannu biyu ya ce kowacce da aibinta. Abu ɗaya na san ya zaɓa bai yi jinkiri ba, matarsa.

Malamar firamare ce, kullum ta gaban garejin take bi ta je tashar bas. Doguwa ce sosai, shi kuma Yaya gajere, in suna tafiya tare sai ka ce ita ta ɗauko shi daga makaranta. Ni na laƙaba mata Doguwa, sunan ya bi ta, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Tela. Shi Malama yake ce mata har bayan ta bar koyarwa. Da za su yi aure ya yi mata alkawari a gabana: kafin ɗansu na fari ya fara tafiya, za ta daina tsayuwa a tashar bas. Ya ma san irin motar da yake so. Mai ƙofa huɗu, ba babba ba, ba kuma irin 'yan ƙananan nan da gwiwa ke taɓa haɓa ba, mai but a baya, wadda za ta ɗauke shi da ita da yara da kayan cefane.

Ɗan fari ya yi tafiya, ya shiga makaranta, ya fitar da gemu, ya samu aiki a wani gari. Ƙanwarsa ta yi aure ta tafi nata garin. Doguwa tana tashar bas.

Kar wani ya ce talauci ne, don wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Yaya ba attajiri ba ne, amma aikinsa na tafiya, kuma ya tara abin da zai sayi mota ta hannu mai kyau tun yaran suna ƙanana. Duk ranar da ba aiki sai ya sa wankakkiyar riga ya zaga wuraren dillalai. Ya dawo da yamma, Doguwa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Baban yara, yau fa?" Ya ce, "Akwai wata shuɗiya, amma an taɓa ta a ƙofar baya." Wani makon fara ce, an taɓa ta a hanci. Wani makon ja ce, an sauya mata rufi. Har ya zama abin dariya a gidan. In yara suka fasa kofi sai su ce an taɓa shi a gefe.

Akwai dalili, kuma dole in faɗe shi don kar in zalunce shi. Yana ganiyar ƙuruciya wani dillali ya jawo masa motar da babbar mota ta murƙushe bayanta, ya kuma samo bayan wata irinta, ya ce a haɗa. Yaya da son nuna gwaninta ya yanke, ya haɗa gaban wannan da bayan waccan, ya yi waldar da shi kansa sai ya laluba da yatsa yake gane wurin. Dillali ya sayar wa wani mai iyali a kan ba ta taɓa ko ƙwarzane ba. Ba a rufa shekara ba aka sake jawo ta garejin, ta rabe gida biyu daidai kan layin waldarsa. Ba wanda ya tuhume shi, ba ma wanda ya san shi ya yi aikin in ban da mai fenti. Yaya ne ya share cikinta da hannunsa. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba. Doguwa ce ta ce mini ya ciro kwalbar shan madarar jariri daga ƙarƙashin kujerar baya, da sauran madarar a ciki. Tun daga ranar bai sake haɗa mota biyu ba, kuma tun daga ranar ya fara yawo da mayen ƙarfe.

Na san wannan, Doguwa ta sani, shi ya sa muka yi ta haƙuri muna maida abin wasa. Wasan ya ƙare ne da ƙodarta ta lalace.

Da farko ƙafafu ne suka kumbura, sai fuska, sai numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Likita ya ce sai wankin ƙoda, sau biyu a mako, a babban asibitin da ke can ƙetaren gada. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Kowa da lokacinsa, in ka makara a ɗora na bayanka, kai kuma ka jira wani zagayen da gubar a jikinka. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, haka tsarin yake, don ba za a bar inji a zaune ba alhali wani na kan benci yana haki.

Ni nake raka ta, don Yaya na gareji yana neman kuɗin wankin. Zuwa da sauƙi a kan dawowa. In an sauke ta daga inji jiri take ji, ga sanyi a ƙashi, ga tashin zuciya. A haka za mu tsaya bakin titi, ina riƙe da ita ina riƙe da jaka. Tasi in ya ga mara lafiya ya ninka kuɗi ko ya wuce. A bas kuwa ga matsi, dogayen ƙafafun nan nata da suka kumbura ba inda za ta sa su. Wata rana ta yi amai a bas, kwandasta ya yi ta masifa yana cewa mu sauka mu wanke. Na zage shi tas, har direba ya ba ni haƙuri. Ita ta rufe fuska da mayafi har muka iso. Malamar da ta koyar da rabin unguwa karatu ke nan.

Ranar na wuce gareji kai tsaye. Na same shi durƙushe yana goge wata ƙofa, fuskarsa fari fat da garin foti.

Na ce, "Yaya, ko ka sayi mota cikin watan nan, ko in sayar da keken ɗinkina in sayo muku ko akwala ce."

Ya ce, "Ina kan dubawa."

"Tun ina budurwa kake kan dubawa. Yanzu jika gare ni."

Ya ci gaba da guga.

Sai ga dama ta zo har ƙofar gida. Maƙwabcinsu mai shagon magani zai koma garinsu, yana son sayar da motarsa. Irin wadda Yaya ke siffantawa ce sak: ƙofa huɗu, fili a ciki, kujerar gaba in an tura ta baya Doguwa tana miƙe ƙafa sarai. Mun sani don ya taɓa rage mana hanya a cikinta, ya kunna mata esi mai sanyaya mota, ta yi barci tun daga gada har gida. Mutumin ya ce in dai Yaya ne zai saya, zai yi masa sauƙi. Bakanike ne ke kula da injinta tun da aka saye ta, ya ce ko zuwa ƙarshen duniya zai shiga cikinta ya rufe ido.

Aka zauna a falon Yaya ana maganar. Doguwa na kwance a doguwar kujera, ƙafafunta a kan filo.

Ta ce, "Baban yara, ni dai wannan ta yi mini."

Ya ce, "Malama, ba ki san motar nan ba. Ni na san ta. Shekarun baya mai babur ya shigar mata ta ƙofar baya, ta hagu. Ni na buga ta. Fotin da ke wurin da hannuna na shafa shi."

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Kai ka gyara, ka san aikinka."

"Shi ya sa."

"Babur ne fa, Yaya, ba tirela ba. Ƙofa ce ta lotsa, ba ƙashin motar ba."

"Wurin da aka taɓa bugawa ba ya komawa yadda yake. Ba zan sa iyalina a motar da na san rauninta ba."

Doguwa ta ɗan ɗago ta ce, "Ni a gaba zan zauna, ta dama. Ina ruwana da ƙofar baya ta hagu?"

Muka yi dariya ni da ita, shi bai yi ba. Ta sake cewa, a hankali wannan karon, "Da babu gara ba daɗi, Baban yara. Na gaji." A tsawon zamansu ban taɓa jin ta roƙe shi wani abu ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce ta ba shi ɗan lokaci, zai samo mata wadda ta fi wannan.

Washegari a gareji bakanike ya tare shi a gaban masu aiki da masu kawo gyara. Shi dai a ganinsa nasiha yake yi, amma bakinsa ba linzami. Ya ce, "Kai ka zaɓa wa duk garin nan mota, matarka tana amai a bas. Garin neman gira za ka rasa ido." Yaya ya ajiye guduma ya wanke hannu ya tafi gida. Daga ranar sai gaisuwa daga nesa. Mai shagon magani ya jira iya jiransa, ya sayar wa wani ya tafi.

Ɗan fari da ya ji labari ya bugo waya ya ce, "Baba, tunda ta hannu duk an taɓa su, ku je ku ga sabuwa. In ya so mu haɗa ƙarfi." Na raka Yaya gidan sayar da sababbin motoci, mai bangon gilashi da tayil ɗin da kake ganin fuskarka a ciki. Yaya ya zagaya wata baƙa, idonsa na ƙyalli, hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Wani matashi mai ɗaure da wuya ya taho da sauri ya ce, "Baba, don Allah kar ka goga mata wannan abin. Sabuwa ce fil." Yaya ya tambayi farashi. Aka faɗa. Ya sake tambaya, aka sake faɗa. Ya ce, "A'a, ɗana, motar nake tambaya, ba ginin ba." Muka fito muka hau bas.

Bayan wannan ya shiga nema kamar wanda aka yi wa wahayi. Ya bar aiki a hannun mai fenti, ya fita da safe, ya dawo da yamma ƙafa duk ƙura. Shi kaɗai yake zuwa. Na ce masa, "Ka tafi da abokinka mana, ko don inji." Ya ce, "Ni za a nuna wa mota? Tun kafin ki iya zura zare a allura nake cikin motoci." Na ce, "Kana wajensu dai." Ya harare ni. Gaskiya na faɗa: Yaya ya san fatar mota kamar tafin hannunsa, amma abin da ke ƙarƙashin bonet iyakarsa ruwa da mai.

Wata la'asar sai muka ji hon a ƙofar gida. Na leƙa, ga Yaya a bayan sitiyari, bakinsa har kunne. Mota ce ruwan toka, tana sheƙi, ƙofa huɗu, faɗi kamar ta mai shagon magani, ta ma fi ta ƙuruciya. Maƙwabta suka fito. Ya zaga da mu yana jan mayen ƙarfen daga hanci har but, daga rufi har ƙasan ƙofa, abin na manne ko'ina.

Ya ce, "Kun gani? Fentin kamfani ne. Guduma ba ta taɓa sauka a jikinta ba. Tun da nake ban ga ta hannu mai tsabtar wannan ba. Kuma da arha, dillalin bai san abin da ke hannunsa ba."

Ni da na ji an ce dillali bai san abin da ke hannunsa ba, gabana ya faɗi. Amma na ga fuskar Doguwa sai na yi shiru. Ta yafa sabon mayafi, muka riƙo ta, ta zauna a gaba. Ya durƙusa da kansa ya tura mata kujerar baya, ta miƙe ƙafafu ta yi ajiyar zuciya. Sai ta ɗan ja hanci.

Ta ce, "Sun zuba turare da yawa. Amma akwai wani wari a ƙarƙashinsa, kamar ɗakin da aka rufe duk damina."

Ya ce, "Daɗewa ta yi a ajiye. Dubi kafet ɗin ma sabo ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri, ya tsare." Muka ce amin.

Ba zan hana shi abin da ya samu ba. An yi 'yan makonni masu daɗi. Ranar wanki ya rufe aiki ya kai mu da kansa, ya jira a waje yana goge gilashi, ya dawo da mu tana barci a gefensa. Yana tuƙi a hankali har na baya su yi ta hon, ba ya ko waiwaye. Na ga Yaya yana satar kallonta in jar wuta ta tsayar da mu, irin kallon da ban ga ya yi mata ba tun suna amare. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don wannan abin tun yara na goye ya kamata a yi shi.

Sai ƙananan abubuwa suka fara. Gilashin baya ya sauka da kansa ya ƙi hawa. Wata safiya hon ya kama ihu ba wanda ya taɓa shi. Fitilun gaban direba su kunnu gaba ɗaya su mutu. Na ce ya kai wa bakanike. Ya ce waya ce ta saki, zai duba. Ya sauya batir. Girman kai ya hana shi taka 'yan takun da ke tsakanin rumfarsa da ta abokinsa.

Ranar da abin ya faru, Doguwa ta tashi da kumburi fiye da kullum, numfashinta na fita da ƙara. Muka fito da wuri. Muna tsakiyar gada, cikin cunkoso, rana ta take, sai motar ta yi shiru. Ba tari, ba gargaɗi, kawai ta mutu. Ya murɗa makulli, ko ƙyas. Ya sake murɗawa. Esi ya ɗauke, gilasai kuma na lantarki ne, suka ƙi sauka. Nan da nan cikin motar ya zama tanda. Na buɗe ƙofofi, na baya suna ta hon suna zagi.

Yaya ya fita ya ɗaga bonet ya tsaya yana kallo. Wallahi kallo kawai yake yi. Ya taɓa kan batir, ya girgiza wata waya, ya dawo ya murɗa makulli, ya koma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin motoci, ga shi tsaye gaban injin tasa kamar an ba shi littafi da yaren da bai iya ba. Gumi na zuba daga haɓarsa.

Ya ce, "Yanzu za ta tashi. Ɗan zafi ta ɗauka."

Muka jira. Ba tasi da zai iya zuwa inda muke, duk gadar a cushe take. Doguwa ta jingina kai, bakinta a buɗe tana jan iska. Na ce masa lokaci na tafiya. Ya ce in ba shi ɗan lokaci. Da na ji kalmar nan daga bakinsa sai na daina yi masa magana, na tsayar da wani mai babur da ke kutsawa tsakanin motoci.

Ɗora ta a kan babur ɗin nan ba zan manta da shi ba. Ƙafar ta ƙi ɗaguwa, sai da ni da mai babur da wata mata mai tallan ruwa muka cicciɓa. Zaninta ya kwance, na ɗaure mata a gaban jama'a. Na hau bayanta na rungume ta, ni ina rabin kujera rabin ƙarfe. Yaya ya zo ya riƙe hannun babur ɗin kamar zai ce wani abu.

Ta ce masa, "Tsaya da ita, Baban yara. Kar a buge ta."

Da muka ɗan yi nisa na waiwaya. Yana tsaye a bayan motar yana yi wa sauran motoci hannu su kauce.

Mun makara. Da muka shiga ɗakin wankin, wani dattijo na kwance a gadonta, an riga an sa masa allura. Nas ɗin ta san mu, ta riƙe hannun Doguwa ta ce ta jira mu iya abin da za ta iya. Ta ce mu zauna ko wani zai fasa zuwa. Ba wanda ya fasa. Muka zauna a bencin baranda, ina yi mata fifita da katin asibiti, ina zagin Yaya a fili, duk abin da ya zo bakina. Ta bar ni na yi mai isata.

Sannan ta ce, "Tela, kin gama?"

Na ce ban gama ba.

Ta ce, "To ki ƙarasa a nan, ki bar shi a nan. Yaran nan kar su ji cewa a hanya ta mutu mana. Kin san ɗan farinmu da zuciya, ba zai sake kallon ubansa da mutunci ba. Ni zan tafi, shi za a bari da su."

Na ce ta daina irin wannan magana.

Ta ce, "Ki yi mini alkawari. Iyakar saninsa ya zaɓa mini."

Na yi mata, don ba yadda zan yi.

Sai la'asar Yaya ya iso, rigarsa jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ja saboda turi. Ya zauna can ƙarshen bencin. Bai tambaya ko an yi wankin ba, ya gani a fuskarta. Ya ce ya kira bakanike, ya zo da igiya ya ja ta zuwa gareji. Ya ce da bakaniken ya ɗaga sabon kafet ɗin, laka ya samu busasshiya a ƙasa, wayoyin duk sun yi kore, ƙwaƙwalwar motar ta ruɓe. Ambaliya ce ta taɓa shanye ta har rufi a can inda aka kawo ta, aka busar, aka wanke, aka fesa turare. Bakanike ya ce da ya leƙa sau ɗaya da ya gani.

Can Yaya ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai roƙo, "Amma ba ta taɓa karo ba, Malama."

Na yunƙura zan tashi, ta damƙe mini wuyan hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ta ce, "Na sani. Ai kai ka duba."

An samu an ɗora ta a inji bayan kwana biyu, amma ruwa ya riga ya hau mata ƙirji. Aka ba ta gado, ba ta sake komawa gida ba. Likita ya ce zuciyarta dama ta gaji, wanki ɗaya da aka rasa ba shi ne ya kai ta ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma ya ga fuskar Yaya ne. Ni ban sani ba, kuma ba na son in sani.

Bayan an yi mata sutura an watse, muna zaune a falo, ni da Yaya da yaran biyu. Ɗan fari ya daɗe yana jujjuya wayarsa. Sai ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Gwaggo, nas ta ce mini akwai ranar da Umma ta rasa layinta. Ya aka yi, ga mota a gida?"

Na ga Yaya ya gyara zama. Ya buɗe baki, kuma na san abin da zai faɗa, na ga yana so ya faɗa, yana so yaron ya tashi ya zage shi ko ya samu sauƙi. Na riga shi.

Na ce, "Cunkoso ne a kan gada, ɗana. Babanku ya yi iya ƙoƙarinsa."

Yaron ya gyaɗa kai, ya taso ya durƙusa gaban ubansa ya riƙe hannayensa biyu. Ya ce, "Baba, Allah ya saka maka. Ko ba komai ka cika mata alkawari, ta hau motar mijinta kafin ta tafi."

Yaya ya dube ni ta saman kan yaron. Na kawar da kai.